Yadda Aka Yi Na Zama Lawali Sumaran

Ku 'ya'yana, na ji abin da kuke gaya wa mutane idan sun tambaye ku dalilin da ya sa ake kiran gidanmu Gidan Sumaran. Wani ya ce wai don na iya iyo ne, ni da ko kududdufi ban taɓa shiga ya wuce mini gwiwa ba. Wata kuma, ba zan faɗi sunanta ba amma ta san kanta, ta ce wai sunan wani Nasara ne da na yi wa aiki. To, tun da hannuna bai fara rawa sosai ba, bari in rubuta muku yadda abin ya faru. Sunan nan da wuya na same shi, kuma saura ƙiris ya hana ni uwarku.

An ɗauke ni soja ina saurayi, aka kai mu ƙasar Faransa, wani garin bakin teku da ake kira Tulon. Ban yi yaƙi ba, kada in cika muku baki. A ma'aikatar gyara ta tashar jiragen ruwa aka sa ni, can na koyi yankan kwano da liƙi da dalma. Wata rana da hantsi muka fita cikin ƙaramin jirgi za mu kai kaya wani tsibiri. Teku na kwance, ba iska. Sai na hangi wani ƙarfe kamar sanda ya huda ruwa yana tafiya shi kaɗai. Kafin in buɗe baki ruwan ya kumbura, ya dare gida biyu, wani abu baƙi ƙirin ya taso, tsawonsa ya kai daga ƙofar gidan nan zuwa masallacin unguwa, ruwa na kwarara daga bayansa. Na yi salati. Can aka buɗe murfi a bisansa, mutum ya fito, ɗan Adam mai kai ɗaya, ya yi miƙa, ya kunna sigari. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, don murna ba don tsoro ba.

Akwai wani ma'aikacin jirgi, Musulmi ɗan Sanagal, da muke salla tare. Ya yi ta yi mini dariya, sannan ya ce sunan abin sumaran. Ya ce kalmomi biyu ne aka ɗinke: su, wato ƙarƙashi, da maran, wato abin da ya shafi teku. Na dame shi da tambaya har sati guda. Ya zana mini a ƙasa da ƙusa, ya nuna mini cewa jirgin yana da rumbuna a jikinsa. In ana son ya nitse sai a buɗe su ruwa ya cika su, ya yi nauyi. In ana son ya taso sai a hura iska ta kori ruwan. Shi ke nan sirrin. Na riƙe wannan a kaina, na ƙagara in komo Damagaram in ba mutane labari, don na tabbata duk unguwarmu ta Zango babu wanda ya taɓa zuwa da irinsa.

Sai dai Zango na da ƙa'idarta, wadda ku ba ku tarar ba. Unguwar fatake ce, jikokin masu ayari. Duk wanda ya dawo daga doguwar tafiya, kafin ya huta sosai, sai ya je zauren babban unguwa ya sauke labari gaban dattawa. Ƙaramin labari ana karɓa daga bakin mutum ɗaya. Amma babban labari, irin wanda ba a taɓa ji ba, sai da shaida, wato abokin tafiya wanda shi ma ya gani da idonsa. Ba wasa ya kawo haka ba. Zamanin ayari da maganar wanda ya dawo ake ɗaura wa raƙuma kaya, in ya ce rijiya kaza na da ruwa alhali ta ƙafe, to ya kashe mutane. Shi ya sa wanda aka kama da zuƙi ba a korarsa, ba a zaginsa, sai dai a mayar da mazauninsa bakin ƙofa, wajen takalma, kuma ba a ƙara tambayarsa komai.

Babban unguwarmu a lokacin shi ne Baba Madugu, kakanku na wajen uwa. Ya haura saba'in, dogo ne siriri, kuma yana cikin na ƙarshe da suka ratsa sahara har Tarabulus da ƙuruciyarsu. Marigayi ubana yaronsa ne a fataucin fata, kuma tun kafin in tafi soja an yi maganar za a ba ni autarsa Mariyama. Na shiga zauren nan da takalmin soja da ƙarfin hali. Na ba su labarin sanyi, na ba su na jirgin ƙasa, kowa na gyaɗa kai. Sannan na gyara zama na saki na sumaran, har da tashi tsaye ina kwatanta yadda ruwa ya dare. Da na gama, Baba Madugu ya daɗe yana duban tasbaharsa.

Ya ce, "Lawali, wa kuke tare da shi cikin mutanenmu?"

Na ce, "Babu, Baba. Ni kaɗai ne ɗan Damagaram a wurin."

Ya ce, "Na ga teku kafin a haifi ubanka. Na ga jirgin da ya nitse a bakin gaɓa, shekara guda ina kallon itacensa. Abin da ruwa ya haɗiye ba ya tasowa da mutane suna shan taba. Ka kawo shaida, ko ka janye."

Da na janye a wurin, na ce wasa nake yi, da an yi dariya an wuce. Amma kun san zuciyata, ba yau ta fara ba. Na rantse, na ƙara rantsuwa, har muryata ta hau ta dattawa. Washegari da na zo na tarar an matsar da tabarmata bakin ƙofa. Bayan sati Baba Madugu ya aiko wa mahaifiyata cewa maganar Mariyama a jingine ta, shi ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda ba a iya ɗaura kaya da maganarsa. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Ga shi kuma kalmar ta fita gari ta sami wata ma'ana. In mai goro ya yabi goronsa fiye da kima sai a ce masa ya daina sumaran. In mace ta ce mijinta zai kai ta Makka, ƙawayenta su ce wannan sumaran ne. Cikin wata biyu, duk Zango da Birni, sumaran na nufin ƙarya mai kauri, ni kuma na zama Lawali Sumaran.

Na fara neman shaida a wajen masu boko. Akwai Mushe Isufu, don haka muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, mutum mai son a tambaye shi. Ya ɗauko wani ƙaton littafin kalmomi ya bi ni har zauren. Ya karanta, ya fassara, ya ce asalin kalmar daga tsohon harshen Rumawa ne, inda sub ke nufin ƙarƙashi, mare kuma teku. Ya ce tun kafin a ƙera jirgin ana amfani da ita ga duk abin da ke ƙasan teku, ciyawa ce ko dutse, daga baya jirgin ya zo ya gaje sunan. Ya ce Ingilishi na wajen Kano ma daga tushen nan suka samo tasu, su sabmarin suke cewa. Har ya nuna ɗan zane a gefen shafi. Zuciyata ta yi fari, na ce yau an gama. Baba Madugu ya saurara da ladabi har ƙarshe, ya sa aka ba Mushe goro.

Ya ce, "Mushe, kai ka gan shi?"

Mushe ya ce a'a, amma ga shi a rubuce.

Ya ce, "Dodo ma yana da suna, kuma na ga an zana shi. Suna ba shaida ba ne."

A hanyar gida, ina tafe ina huci, na bi ta rumfar maƙera na ga tulin gwangwanayen kananzir. Nan tunanin ya faɗo mini, har na tsaya cak a tsakiyar hanya wani mai jaki ya zage ni. Tun da ba ni da mutum, me zai hana in ƙera abin da kansa ya yi mini shaida? Na san sirrinsa, na iya dalma. Ban ci abincin kirki ba ranar don zumuɗi. Na roƙi maƙera suka ba ni gefen rumfa, na yanke gwangwani biyu na haɗa su suka yi tsawon kamu biyu, da baki mai tsini da ɗan soro a bisa. Na huda ramuka a cikinsa ta ƙasa don ruwa ya shiga, na sa salkar ɗan akuya a ciki, na ɗaura mata doguwar tiyo da na samu wajen masu gyaran kamyo, wato babbar motar kaya. Ɗaya bakin tiyon na haɗa shi da famfon keke.

Mahaifiyata, wadda kuke ji ina kira Inna, ba ta faɗin sunana don ni ne ɗan farinta, Soja take ce mini. Abu biyu suka dame ta. Na ɗaya, ɗan fatake ya tsuguna cikin maƙera yana bugun kwano kowa na gani. Na biyu, ruwa. Lokacin bazara ne, kun kuwa san Damagaram da ruwa, a lokacin ma ya fi haka tsanani. Ni kuma na sa rabin ganga a tsakar gida ina cika ta da ruwan 'yan garuwa don gwaji. Kullum sai ta tsaya a kaina ta ce mutane na neman na sha, ni ina yi wa gwangwani wanka. Gwajin farko ya kife ya nuna mini cikinsa, sai da na liƙa masa ƙarfe a ƙasa ya daidaita. Na biyu ya nitse lafiya lau, amma na buga famfo har hannuna ya mutu bai motsa ba, sai kumfa ke fitowa. Kwana goma ina sake liƙi, ina zargin tiyo, ina zargin famfo, ina zargin masu baki.

Uwarku ce ta warware. An hana ni zuwa zance, amma ba a hana ta gaishe da Inna ba. Ta leƙa gangar, ta taɓa salkar, ta yi dariya har ta rufe baki da gyale. Ta ce wa Inna a gaya wa Soja ya sayi salkar rataya a gida, wadda da gangan ake barinta tana tsatsafo don ruwa ya yi sanyi, abin da ke zufar ruwa kuwa yaya zai riƙe iska? Ta ce ta ji babanta na cewa salkar doguwar tafiya sai an ƙosar da ita da mai. Na shafe ta da man shanu ciki da waje kwana bakwai ina shanyawa a rana. Ranar da na sake gwadawa, bugu na ashirin gwangwanin ya ɗago kai ya taso yana lilo a bisa ruwa. Na yi tsalle na zagaye tsakar gida ina kabbara, kaji suka watse. Inna ta ce ai shi ke nan, Nasara sun ƙarasa mata ɗa.

Amma ganga ba za ta ishi Baba Madugu ba, zai ce hannu na sa. Sai tafki, tafki kuwa sai damina. Ina cikin jiran ruwan sama aka shiga hidimar mulkin kai, shekarar da Nasara za su sauke tutarsu. Aka yi shela ana neman tsofaffin sojoji masu jin Faransanci su tafi Yamai aikin gadi a ofisoshin sabuwar gwamnati, da kaki da albashi. Sunana na ciki. Inna ta zaunar da ni, ta ce in tafi, can ba wanda ya san Sumaran, mata kuma ba su ƙare ba. Maganarta gaskiya ce, kuma na yi kwanaki ina juya ta. Ranar da kamyon zai tashi na je har tasha, na ga abokaina na hawa da akwatunansu. Na ga in na hau, na tafi ke nan a matsayin maƙaryaci, kuma ku da ban haifa ba tukuna haka za ku gada. Na yi musu sallama na komo rumfar maƙera. Waɗanda suka tafi sun tsufa gwamnati na ciyar da su, ni kuwa na ƙare rayuwata ina liƙin buta da fitila, kuma dangin ubana da yawa ba su ƙara ɗaukata da daraja ba. Ba na ɓoye muku, akwai shekarun yunwa da na yi nadama.

Ruwa ya sauka, tafkin da ke bayan duwatsu ya cika, 'yan kwanaki bayan an gama kiɗe-kiɗen sabuwar tuta. Na je na durƙusa bakin ƙofar zaure na ce na kawo shaida, amma ba ya iya zuwa, sai a je masa. Baba Madugu ya yarda bisa sharaɗi biyu. Abin zai zauna ƙarƙashin ruwa har ya zagaye tasbaharsa, kuma shi zai riƙe tsakiyar tiyon da hannunsa don kada a ce janyowa na yi. Bayan la'asar muka taru. Ban gayyaci kowa ba, amma sai da bakin tafkin ya cika maƙil, mata a kan duwatsu, maƙera a gefena, Mushe Isufu da littafinsa a hammata. Na shiga ruwa zuwa gwiwa na tura jirgina, na fito, na saki iska. Ya yi ƙasa a hankali, soron ya ɓace, ruwa ya rufe. Jama'a suka fashe da dariya, wani ya ce a yi wa gwangwani salla.

Ban taɓa ganin mutum ya ja tasbaha da nawa irin ta ranar ba. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga kai ya ce, "To, kira shi."

Na kama famfo. Ashirin, babu komai. Arba'in, babu komai. Gumi ya jiƙa mini riga. Nan na gane abin da ban yi lissafi da shi ba: gindin ganga ƙarfe ne, gindin tafki kuwa laka, kuma ta riƙe shi. Dariya ta fara komawa tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo. Na ji kamar in fizgi tiyon, amma na san in na taɓa shi na faɗi. Na ci gaba da bugu ina Ya Latifu a zuci. Da na saci kallon Baba Madugu sai na ga ba ruwan yake duba ba, tafin hannunsa yake duba, don yana jin tiyon na kumburi iska na wucewa. Can ruwan ya yi baƙi a wuri ɗaya, laka ta taso, sai ga jirgina ya yi tsalle ya fito gaba ɗaya, ya faɗo ya zauna daram, da wani ƙaton kwaɗo a kan soronsa yana zare ido. Wurin ya kaure. Mata suka rangaɗa guɗa, maƙera suka ɗaga ni sama, Mushe ya jefar da hularsa. Sau biyar aka sa na nitsar da shi na tayar, Inna kuwa tana can bisa dutse tana gaya wa kowa cewa a gangarta aka fara.

Baba Madugu kuwa bai shiga murnar ba. Ya ajiye tiyon, ya kakkaɓe riga, ya tafi gida. Murnata ta koma ciki, don na san abin da zai iya cewa, kuma da gaskiyarsa: gwangwani ya taso, amma wannan bai nuna na ga na mutane ba. Washegari da hantsi ya aiko kirana. Zauren cike yake da dattawa. Na cire takalmi zan zauna inda na saba, sai ya ce in ƙaraso. Sannan ya fara magana, ba ni yake kallo ba.

"A tafiyata ta ƙarshe zuwa Tarabulus, ina saurayi kamar wannan, na ga wani abu mai fukafukan zane ya tashi sama yana ruri, da mutum zaune a ciki. Mu biyu muka gani, ni da ɗan'uwana. Ya rasu a hanya kafin mu kai Agadas. Da na shigo zauren nan na ba da labarin rijiyoyi da na farashin fata, na haɗiye wancan, don ba ni da shaida. Shekara da shekaru yana cina. Ranar da jirgin sama ya fara sauka a garin nan kowa ya ruga kallo, ni na zauna gida. Labarina ya riga ya tsufa a cikina, ba mai bukatarsa."

Ya juyo ya dube ni, idanunsa sun kaɗa.

"Ni na ji tsoron bakin ƙofa, kai ka zauna a can wata bakwai ba ka janye ba. Maƙaryaci ba ya barin kamyon Yamai don gwangwani. Ku shaida, ni ne shaidarsa. Gobe ka turo manyanka."

Na sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan tabarma, ban ji kunyar kowa ba. Daga ranar kalmar ta sake juyawa a bakin mutanen Zango, in an ce abu sumaran ne ana nufin ya ɓace amma zai dawo, har akuyar da ta ɓata aka gan ta ana ce mata haka. Ni dai ban tashi daga wurin nan ba sai azahar. Da dattawa suka fara miƙewa, kakanku ya riƙo hannun rigata, ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa, ya rage murya.

Ya ce, "Zauna tukuna, Lawali. Faro mini daga farko, kada ka tsallake komai. Su mutanen da ke ciki, da me suke numfashi?"